Gargaɗi kan masu damfara da sunan nemo izinin zama a Amurka ta hanyar dangi

Jama'ar Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri, da 'yan'uwanmu na tsallaken gadar Ngeli a Injamena, ina jawo hankalinku kan wata damfara da ta shigo mana da ƙarfi, wadda ake yi da sunan nemo wa mutum izinin zama na dindindin a Amurka ta hanyar danginsa, wato katin nan da aka fi sani da girin kad. Masu wannan ta'asa suna tallata kansu a Facebook da zaurukan WhatsApp, wasu kuma har ɗan shago suke kamawa kusa da kasuwa, su rataya allo mai tutar Amurka da ta Kanada, su ajiye kwamfuta da na'urar buga takarda domin duk wanda ya leƙo ya ɗauka ofis ne na gaskiya. Ambaton sunayensu ba zai yi amfani ba, tun da suna da lambar waya duk sauya su suke yi da zarar asirinsu ya fara tonuwa a wani gari, amma salon aikinsu ɗaya ne a ko'ina, kuma shi ya kamata kowa ya gane.

Mutane iri biyu suke farauta. Akwai wanda yake da ɗan'uwa na haƙiƙa a Amurka, sai su ce masa suna da mutum a ofishin jakadanci wanda zai tsallakar da takardunsa daga layi. Akwai kuma wanda ba shi da kowa a can, shi kuma sai su ce za su samo masa kawu, ko yaya, ko miji, wanda zai sa hannu a matsayin mai ɗaukar nauyinsa idan ya biya. Duka biyun ƙarya ce, kuma ta biyun ta fi haɗari.

Wata baiwar Allah a unguwarmu, mai sayar da atamfa a gida, tana da ƙane da ya daɗe a Amurka yana tuƙin babbar mota. Ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya same ta ta hannun wata ƙawarta, ya tabbatar mata cewa cikin wata goma za ta tashi ita da 'ya'yanta uku. Ta kwashe adashenta, ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, ta tura kuɗin kashi-kashi ta waya zuwa wata lamba da ke ɗauke da sunan wata mace da ba ta taɓa gani ba. Na ga takardar da ya ba ta da idona. An buga ta da launi, da hoton mikiya a sama, rabi Faransanci rabi Ingilishi, an maƙala hoton fasfonta a gefe, an danna jan hatimi a kai, a ƙasa kuma an rubuta adireshin imel na Gmail a matsayin na ofishin jakadanci. Ta naɗe ta a leda ta ajiye a ƙasan akwatin kayanta, duk lokacin da ta ɗauko ta sai ta shafa ta da tafin hannu kada ta yamutse. Bayan kuɗin buɗe fayil sai aka ce kuɗin gwajin lafiya, sai na inshora, sai na kama ranar ganawa, daga nan sai lambar ta daina shiga.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kira ɗaya zuwa ga ƙanen nata ya isa ya tona asirin, amma mutumin ya riga ya toshe wannan ƙofa tun ranar farko. Ta faɗa mini kalamansa kamar yadda ya yi mata: "Hajiya, ki bar wa cikinki. Irin wannan harka idan baki ya yi yawa lalacewa take yi, ko ƙanen naki kada ki ɗaga masa hankali sai biza ta fito." Ya san muna tsoron baki da hassada, ya san kuma mutum ba ya son a ce ya ɗora wa ɗan'uwansa nauyi, sai ya yi amfani da kunyarmu ya raba ta da mutum ɗaya tilo da zai iya gaya mata gaskiya. Da maganar ta fito, sai ta tarar ƙanen bai taɓa cike wata takarda dominta ba, kuma ko da ya so ba zai iya ba, domin girin kad yake riƙe da shi, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna.

A nan ne tushen maganar yake. Neman izinin zama ta hanyar dangi daga Amurka yake farawa, da hannun ɗan'uwan da ke can. Shi ne zai cike fom ɗin I-130 ya miƙa wa hukumar kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa, wato USCIS, kuma shi za a aika wa takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lamba, haruffa uku da alƙaluma goma, wadda kowa zai iya shigarwa a shafin hukumar ya ga inda fayil ya kwana. Idan an amince, fayil ɗin zai wuce Cibiyar Biza ta Ƙasa, NVC, da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, ita kuma ta ba da wata lambar, wadda da ita mai nema zai cike fom ɗin DS-260 a intanet ya ɗora takardunsa. Sai an gama wannan duka ne cibiyar take sa ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke titin Rosa Parks a Yawunde, inda mutum zai je da ƙafarsa, da ainihin takardunsa, a ɗauki zanen yatsunsa, ya yi rantsuwa gaban jami'in biza. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya buɗe maka fayil daga wani shago a Garwa ko Marwa alhali ɗan'uwanka na can bai sa hannu a komai ba, to ka tabbata babu fayil ɗin.

Dokar kuma ta ƙayyade dangin da take nufi, kuma ba ta kai faɗin zumuncinmu ba. Mai girin kad yana iya nema wa matarsa ko mijinta da 'ya'yan da ba su yi aure ba, iyakarsa ke nan. Wanda ya zama ɗan ƙasa yana iya nema wa abokin aurensa da 'ya'yansa, idan kuma ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa da 'yan'uwansa da suka haɗa uwa ko uba, da hujja a rubuce. Kawu, baffa, gwaggo, inna, kaka, ɗan baffa da suruki ba sa cikin lissafin ko kaɗan, komai kusancinku da su, komai arzikinsu. Abokin aure, iyaye da 'ya'yan ɗan ƙasa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba su ne ba a ƙayyade yawan bizarsu a shekara ba. Sauran rukunan suna raba biza 226,000 ne a shekara tsakanin duniya baki ɗaya, kuma rabon yayye da ƙanne daga ciki 65,000 ne, shi ya sa jiran wannan rukuni yake wuce shekara 15. Matsayin kowa a layi yana bin ranar da aka karɓi fom ɗinsa ne, kuma ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana wallafa inda layin ya kai kowane wata a shafinta, kyauta. Wanda ya yi wa 'yar'uwar wani alkawarin wata goma, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya san abin da yake yi sarai.

Batun kuɗi ma a fili yake. Tun daga watan Afrilun 2024 kuɗin I-130 dala 675 ne idan a takarda aka miƙa, 625 idan ta intanet ne, wato wajen sefa 400,000, kuma ga USCIS ake biya. A NVC ana biyan dala 325 kan kowane mai neman biza, da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, I-864, wadda a cikinta ɗan'uwan yake nuna cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar, gwargwadon yawan iyalinsa. Waɗannan kuɗaɗe na NVC daga asusun banki na Amurka ake cire su a shafin gwamnati, shi ya sa galibi ɗan'uwan ne yake biya. Babu wani mataki a cikin aikin da ake biya ta Orange Money ko MoMo ko Airtel Money zuwa lambar wani mutum, ba a sayar da ranar ganawa, kuma gwajin lafiya likitocin da ofishin jakadancin ya amince da su kaɗai ke yin sa bayan an sa ranar, a hannunsu ake biya. Shafukan gwamnatin Amurka da imel ɗinta da .gov suke ƙarewa. Farashi yana iya sauyawa, don haka a duba shafin hukuma kafin a biya ko sisi.

Asarar kuɗi tana da ciwo, amma akwai abin da ya fi ta, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce ƙarya ta biyu, wato ta samo wa mutum ɗan'uwan bogi, ta fi haɗari. Wasu daga cikin mutanen nan ba sa gudu da wuri, suna shigar da fayil na gaske amma cike da ƙarya. Sukan ba da shawarar a saka ɗan riƙo ko ɗan 'yar'uwa cikin 'ya'yan cikin mutum, su samo masa takardar haihuwa ta jabu, alhali riƙo irin namu dokar Amurka ba ta ɗauke shi a matsayin ɗa ba, sai in kotu ce ta ba da yaron kafin ya kai shekara 16, kuma a mafi yawan lokuta sai ya zauna shekara biyu a hannun mai riƙon. Sukan ce a rubuta amarya a matsayin matar fari, ko a ɓoye uwargida gaba ɗaya, alhali dokar can auren farko kaɗai take lissafawa muddin yana nan. Sukan haɗa auren takarda da wanda ba a taɓa gani ba, laifin da hukuncinsa a Amurka yake kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000. Idan jami'in biza ya yi shakkar dangantaka, yana iya ba da shawarar gwajin DNA, wanda ake ɗaukar samfurinsa daga cikin kunci ƙarƙashin kulawar ofishin jakadancin, a aika ɗakin gwaji da aka amince da shi, kuma jan hatimin shago ba ya da tasiri a wurin. Wanda aka kama da ƙarya kan abin da ya shafi cancantarsa, dokar shige da fice ta haramta masa shiga ƙasar har abada, sai ɗan sassauci mai wuyar samu. Dillalin ba ya cikin ɗakin ganawa ranar, kai ne ka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere ka kwana a hanya, kai ne ka ɗaga hannu ka rantse, kuma sunanka da yatsunka ne za su zauna a rajista. In Allah Ya sa ɗanka na cikinka ya zama ɗan ƙasa nan gaba ya nema maka ta halal, wannan tsohuwar ƙarya za ta tare maka hanya.

Na san da yawa daga cikinmu ba a yi musu rajistar haihuwa kan lokaci ba, kuma ta wannan rauni 'yan damfara suke shiga. Hanyar gyara shi tana nan, ita ce hukuncin kotu da ake kaiwa ofishin magajin gari a fitar da takarda ta gaskiya, ko da za ta ɗauki lokaci. Fasfo ma kuɗinsa sefa 110,000 ne tun 2021, kuma mutum da kansa yake zuwa a ɗauki hotonsa da yatsunsa.

'Yan'uwanmu na Chadi su ƙara lura. A watan Yunin 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, Chadi na ciki, kuma ya fara aiki ranar 9 ga watan. Duk wanda ya zo maka a Kusiri ya ce zai mayar da kai ɗan Kamaru a takarda domin ka kauce wa wannan, laifi biyu yake sayar maka, ɗaya a nan ɗaya a can. Ƙa'idodin nan suna sauyawa, kuma shafin ofishin jakadanci ne wurin sanin halin da ake ciki. Haka masu kiran sunan Kanada: can ma ɗan'uwan da ke zaune a ƙasar ne yake nema, wanda zai karɓi kuɗi ya wakilce ka dole ya zama lauya ko mai ba da shawara da ke da lasisi kuma sunansa yana cikin rajistar da kowa zai iya dubawa, ƙarya a fayil kuma tana jawo haramcin shekara biyar.

Ban ga laifin wanda ya nemi taimako ba, domin fom ɗin da Ingilishi suke, mu kuwa da Faransanci ko Larabci muka yi karatu. Amma wanda zai taya ka cikewa ladan aikinsa kawai ya cancanta, ya zauna kusa da kai ya karanta maka kowace tambaya da amsar da ya rubuta, lambar fayil da kalmar sirri su kasance a hannunka da na ɗan'uwanka, kuma kada ka bar masa ainihin fasfonka ko takardar haihuwarka ko da na kwana ɗaya ne.

Wanda kuwa ya riga ya biya, ya daina turawa daga yau ko da an ce saura kashi na ƙarshe, ya kira ɗan'uwansa na can ya tambaye shi lambar shaidar karɓa. Kada ya goge saƙonnin WhatsApp da na murya, ya adana saƙonnin tura kuɗi masu nuna lamba da suna da rana, ya haɗa da takardun da aka ba shi ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, ya kuma sanar da kamfanin wayar da aka bi ta kansa. Sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma kan zamba, kuma ƙarar mutum biyar da suka tura kuɗi lamba ɗaya ta fi ta mutum ɗaya nauyi, don haka a nemi sauran waɗanda abin ya shafa a tafi tare. Idan kuma akwai alamar an shigar da wani fayil da sunanka ba tare da ka ga abin da ke ciki ba, ɗan'uwanka ya tuntuɓi lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka kafin ka je kowace ganawa.