Fetur ko gas: kafin ka ƙirga wa dillali kuɗi

Duk dillalin da ke son sayar maka da mota mai gas, wato dizal, zai ce ba ta shan mai. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba.

Bambancin yana wurin kamawar mai. Injin fetur yana gauraya mai da iska, fulogi ya ƙyasta musu wuta. Na dizal, wanda muke kira gas, ba ruwansa da tartsatsi. Iska zalla yake matsewa ninki 15 zuwa 20, ta yi zafin da nozul na fesa mai sai ya kama. Matsin na fetur bai cika wuce ninki 12 ba. Wannan matsi mai yawa ne ya sa injin gas, wanda Rudolf Diesel ya tayar a Jamus a 1897, ya fi nauyi da ƙara da tsada, ya kuma fi tattalin mai da ƙarfin jan kaya. Shi ya sa ba ka taɓa ganin tirela mai injin fetur ta ɗauko siminti daga Obajana ba.

In sana'arka lodi ce, buhunan masara daga Dawanau ko doguwar hanya kullum, ɗauki gas kada ka waiwaya. In kuwa kai yara makaranta ne da zuwa ofis cikin cunkoso, fetur ya fi maka kwanciyar hankali. Yawancin ƙananan motocin gas da ake shigowa da su daga Turai suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda sai an yi tafiya mai nisa take ƙone dattinta. Zirga-zirgar cikin gari toshe ta take yi.

Sai batun gyara, inda mutane suka fi ƙonewa. Fulogi ko wane bakanike zai canza maka a bakin titi. Famfo da nozul na gas kuwa sai gwani, kuma gurɓataccen mai ko ɗan ruwa daga jarkar 'yan bumburutu ya isa ya kashe su. Tambayi kanka tukuna, a garinku wa zai gyara?

Da can a Najeriya fetur na da tallafi, gas babu. Tun da aka cire tallafin a watan Mayun 2023 lissafin ya canza, don haka duba kilomita nawa lita ɗaya za ta kai ka, kada farashin gidan mai kaɗai ya ruɗe ka.

Ranar dubawa ka yi sammako, ka dafa bonet. In da ɗumi, an riga ka tayar da ita, ka ce gobe za ka dawo. Injin gas da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa: ya daɗe yana gurnani kafin ya tashi, ko ya yi ta zubo farin hayaƙi. Shuɗin hayaƙi kuwa, a injin fetur ne ko na gas, baƙin mai yake ci.