Kafin a zuba maka garin ƙashi don dashen haƙori, ka tambayi na mene ne

Salam 'yan uwa mazauna Jidda da Makka. Watan jiya na raka Hajiyarmu iyada, wato asibiti, za a yi mata dashen haƙori, likita ya duba hoton muƙamuƙi ya ce ƙashin wurin ya zaizaye, dama in an cire haƙori aka bar gurbin haka yake motsewa tun watannin farko, to sai an ƙara ƙashi kafin sukurun ƙarfen titaniyom da ake ɗora sabon haƙorin a kansa ya samu inda zai kama.

Ƙashin da ake ƙarawa iri-iri ne. Mafi kamawa shi ne naka na jikinka, a ɗebo daga haɓa ko bayan muƙamuƙi, sai dai ciwo biyu ke nan za ka yi jinya, ga tsohuwa mai suga ni dai ban yarda ba. Akwai na mutanen da suka bada gudummawa, an sarrafa shi an busar, Hajiya ta ce ranta bai kwanta ba. Akwai na haɗi da ake yi da sinadarin kalsiyom, babu dabba a ciki ko kaɗan.

Wanda aka fi zubawa shi ne na shanu, kamar Bio-Oss na kamfanin Geistlich da ke Suwizalan. Ana cire duk wani furotin sai ma'adinin ƙashin kawai ya rage, ya zama kamar tsani da naka ƙashin zai bi ya tsiro, kuma baya saurin narkewa, shi ya sa yake riƙe kaurin wurin da kyau. Amma sai haƙuri, sau da yawa wata 4 zuwa 6 kafin a sa sukurun.

Ga inda na so ku tsaya: akwai na doki, akwai na alade, sannan wata siririyar fata da ake rufe garin da ita, Bio-Gide ta wannan kamfanin daga kolajin alade aka yi ta, wato wani furotin na jikin alade. Mutane su tambayi ƙashi su manta da marfin. Malamai sun yi saɓani kan istihala, wato ko abin haram yana halatta in ya rikiɗe ya zama wani abu daban, ka tambayi malaminka tun kafin ranar aiki, akwai marfi na shanu da na haɗi in kana so.

Mu dai na shanu muka zaɓa da marfin haɗi, likita ya nuna mana kwalin muka karanta da idonmu, ya kuma ce Hajiya ta daidaita sugarta tukuna kafin a taɓa ta.