Nabilone a Ingila: yana tsayar da aman kemo, amma ba ya taɓa ciwon daji

Tun 1 ga Nuwamba 2018 doka ta ba ƙwararrun likitoci a Ingila damar rubuta magungunan da aka samo daga tabar wiwi. Mutane da yawa sun ɗauka ƙofa ta buɗe ke nan. A asibitocin gwamnati na NHS kuwa, abin da mai ciwon daji zai iya samu kusan guda ɗaya ne: kafson nabilone, wanda ake sayarwa a wasu ƙasashe da sunan Cesamet. Shi ma ba ganye ba ne, haɗa shi ake yi a kamfani don ya kwaikwayi THC, sinadarin da ke bugarwa a wiwi. Kuma ba sabo ba ne, Amurka ta amince da shi tun 1985.

Aikinsa ɗaya: tsayar da tashin zuciya da aman da kemo ke jawowa, wato maganin nan mai ƙarfi da ake ba mai ciwon daji don kashe ƙwayoyin cutar. A ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara wa asibitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta fitar a Nuwamba 2019, ba a fara da shi. Sai an gwada magungunan hana amai irin su ondansetron da dexamethasone da aprepitant yadda ya kamata, aman ya ƙi ji, sannan a ƙara nabilone a kansu, kuma ga manya. Likitan da ke ba da kemon ne ke yanke shawarar, don haka a ɗakinsa ake kawo maganar. Wanda ya je da takarda ɗauke da ranakun da ya yi amai, sau nawa a rana, da abin da ya sha, ya fi saurin samun biyan buƙata.

Yadda ake shan sa: milgiram 1 ko 2, sau biyu a rana, kada a wuce milgiram 6 a yini. Na farko da daddare, ana gobe za a yi kemo. Na biyu awa ɗaya zuwa uku kafin a ɗaura ruwan. Ana iya ci gaba har awa 48 bayan an gama zagayen. Wanda ya jira sai amai ya kama shi, kafson ma ba zai zauna a ciki ba.

Illolinsa ba ɓoyayyu ba ne. Barci, jiri, baki ya bushe ƙamas. Dattijo zai miƙe daga gado da asuba ya ji ƙasa ta juya, domin jini na sauka idan an tashi tsaye farat ɗaya. A fara zama a bakin gado tukuna. Wasu sukan ji nishaɗi, wasu kuma tsoro ne ke kama su, har da gane-gane, kuma wannan na iya kai kwana biyu zuwa uku bayan an daina sha. Babu tuƙi, babu haɗa shi da maganin barci. Mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali ya faɗa wa likita tun farko. A ganinmu fara wa tsoho da milgiram 2 ganganci ne.

Maganar zogi fa? A nan ake yawan yaudarar mutane. NICE ba ta yarda a ba da shi don zogi mai daɗewa ba, kuma Sativex, wani maganin feshi a baki da aka samo daga wiwi, da aka gwada a kan zogin ciwon daji bai kai labari ba a manyan gwaje-gwajen da aka bayyana a 2015. Har yanzu morfin ne gaba. Batun cewa man wiwi na kashe ƙari kuwa, ba a tabbatar da shi a jikin mutum ba.

Asibitocin kuɗi na rubuta mai ko ganye, majiyyaci ya biya ganin likita da maganin daga aljihunsa. Doka ta hana kunna ganyen a zuƙa, sai dai a na'urar da ke fitar da tururi. Ko hakan, wanda kemo ya karya wa garkuwar jiki ya yi hattara, domin busasshen ganye kan ɗauko funfuna mai kama huhu. Wanda kuma zai dawo gida Najeriya ya tuna wiwi haramun ce a dokar ƙasa, takardar likitan Landan ba za ta raba shi da jami'an NDLEA a filin jirgi ba.