Nazarin umarnin sarakunan Tang: kundin 1070 ko takardun Dunhuang?

Masu nazarin tarihin Sin suna yawan tambaya: in za a karanta umarnin sarakunan Tang, wata tsohuwar daular ƙasar, da wanne za a fara cikin waɗannan biyun?

Kundin Tang Da Zhaoling Ji, tarin umarnin sarakunan da masani Song Minqiu ya kammala a 1070, ya fi sauƙin karatu, domin bugagge ne kuma an kasa shi bisa batutuwa. Babi 130 ne, amma 23 sun ɓata. Babban aibinsa shi ne galibi kalaman umarnin kawai aka kwafo, aka yar da sa hannun jami'ai.

A nan tsoffin takardun da aka gano a 1900 a wani kogo kusa da garin Dunhuang, a arewa maso yammacin Sin, suka yi masa fintinkau. A cikinsu ake ganin tsarin: a buɗe da "Menxia", wato ana kiran ma'aikatar tantancewa, jami'ai uku na ma'aikatar rubutawa su sa hannu, masu tantancewa su duba, sannan sarki ya rubuta "ke", alamar amincewa. Hotunansu kyauta ne a intanet, sai dai da yawa a yage suke, rubutun hannun kuma sai gwani. Wasu ma kwafi ne, mai gaggawa zai ɗauke su asali.

Mai bin manufofin mulki da salon harshe, kundin ya ishe shi. Mai son sanin hannayen da takarda ta ratsa, sai Dunhuang.