Gidan Zoo da Mafakar Giwaye: Ina Bambancin Yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa tunda gidan zoo da mafakar giwaye duk katanga ce ta kewaye dabba, mene ne ya raba su, kuma wanne ya fi dacewa da giwa. Tambayar ta yi, don mutane da dama suna yi musu kuɗin goro. Katangar kaɗai suka yi tarayya a kai. Dalilin gina kowanne daban ne, kuma daga nan sauran bambancin ya samo asali.

Gidan zoo na zamani abu uku yake kafa hujja da su: jama'a su ga dabba su san ta, masana su yi bincike, sannan a yi ta hayayyafa don kada iri ya ƙare. Mafaka kuwa wurin ritaya ne. Giwar da ta tsufa a gidan zoo, ko wadda ta gama shan wuya a hannun masu wasa da dabbobi, ita ake kaiwa can ta ƙarasa kwanakinta. Wadda ke Hohenwald a jihar Tennessee ta Amurka, da aka buɗe a 1995, ba ta barin giwayenta su haihu, ba ta kuma sayar da tikitin shiga kallo. Wanda ya matsu sai ya leƙa su ta kyamara a intanet.

A batun fili, tazarar ba ta kama hannun yaro. Ƙungiyar gidajen zoo ta Amurka, AZA, ta sa mafi ƙarancin filin waje ga giwa ɗaya ya zama murabba'in mita 500, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallo ba. Mafakar Tennessee ta haura eka 2,700, da tudu da kwari da tafkuna. Amma kada ka yanke hukunci da faɗin fili kawai. A 2016 an fitar da wani babban nazari da aka yi kan giwaye 255 a gidajen zoo 68 na Arewacin Amurka, kuma abin da ya fi tasiri ga lafiyarsu ba yawan murabba'in mita ba ne. Irin ƙasar da suke takawa ce, da yadda ake ba su abinci, da tsawon lokacin da suke yi tare da 'yan'uwansu.

Ƙasar nan ina so ka tsaya a kanta, domin giwar da ke tsare sau da yawa daga ƙafa ajalinta ke farawa. Dabba ce mai nauyin tan uku zuwa shida, tana tsaye kan tafin ƙafa mai kitse kamar matashi, wanda aka halitta don yashi da laka da ciyawa. A daji tana iya shafe awa goma sha shida tana tafiya tana kiwo, farcen yana gogewa da kansa. Ka ɗora ta a daɓen siminti, ta kwana tsaye cikin fitsarinta, sai farce ya tsage, ƙurji ya shiga, ruwa ya taru, a hankali ciwon ya kai ƙashi. Daga nan sai amosanin gaɓɓai. Shi ya sa a gidan zoo mai kyau gyaran ƙafa aikin yau da kullum ne: giwa ta zo da kanta ta zura ƙafa ta wata taga a jikin shingen ƙarfe, mutum ɗaya yana goge farcen da magagari, ɗaya yana miƙa mata karas. In ta gaji ta janye ƙafarta ta tafi, ba mai dukanta. Da can mai kula da ita shiga yake yi da sanda mai ƙugiya a baki, yana zungurar bayan kunne da bayan gwiwa inda fata ta fi laushi. AZA ta wajabta aiki ta bayan shinge tun 2014, sannan ta ba mambobinta wa'adin daina amfani da ƙugiyar zuwa farkon 2023. A mafaka ma ana wannan gyaran ƙafar, sai dai galibi ɓarnar da giwa ta zo da ita ake jinya, kuma da an gama ta koma kan ƙasa mai laushi.

Inda gidan zoo zai iya ɗaga kai shi ne batun dangi. Giwa mace a daji ba ta rabuwa da uwarta har mutuwa. Garke kaka ce ke jagorantarsa, da 'ya'yanta mata da jikoki, kuma budurwar giwa tana koyon raino ne ta hanyar kula da ƙannenta. Gidan zoo mai haihuwa zai iya tara kaka da uwa da jika wuri guda, abin da da wuya mafaka ta samu, don galibi tsofaffi ne baƙin juna aka haɗa. Sai dai irin waɗannan gidajen zoo kaɗan ne. Ƙa'idar AZA ita ce kada a ajiye ƙasa da giwa uku, kuma uku da aka kwaso daga wurare uku ba dangi ba ne, zaman haya ne. A ɗan ƙaramin fili, wadda ake cin zalinta ba ta da wurin gudu. A mafaka tana iya zaɓar ƙawa ta kuma kauce wa wadda ba sa shiri. A 1999 aka kai wata tsohuwar giwa mai suna Shirley mafakar Tennessee, ta tarar da Jenny, wadda suka taɓa zama tare a wurin masu wasa da dabbobi sama da shekara ashirin baya. A daren farko sai da suka lanƙwasa ƙarfen da ya raba su wajen ƙoƙarin taɓa juna.

Tsawon rai kuma shi ne dukan da gidajen zoo ba su gama farfaɗowa daga gare shi ba. A 2008 Ros Clubb da Georgia Mason da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Science cewa rabin giwayen Afirka mata da aka haifa a gidajen zoo na Turai ba sa wuce shekara 17, alhali a gandun Amboseli na Kenya adadin shekara 56 ne idan ba mutum ya kashe su ba. Na Asiya kusan shekara 19 a zoo, kusan 42 ga masu jan katako a Myanmar. Ka ji fa, mai aikin ƙarfi ta fi 'yar hutu daɗewa. Masu zoo sun ce alƙaluman sun faro tun daga 1960, lokacin da kulawa ba ta kai ta yau ba, kuma da gaskiyarsu a nan. Da mafaka ba za a iya wannan awon ba, tunda da tsufansu suke zuwa.

Ba zan tauye wa zoo haƙƙinsa a bincike ba. A gidan zoo na Portland ne Katy Payne ta lura a 1984 cewa giwaye suna magana da wani sauti da ya yi ƙasa da abin da kunnen mutum ke ji. Cutar EEHV mai kashe 'ya'yan giwar Asiya cikin kwana kaɗan, an gano ta ne a 1995 bayan mutuwar 'yar giwa Kumari a gidan zoo na Washington, kuma daga baya aka same ta a giwayen daji. Aikin rigakafinta gidajen zoo irin su Chester da Houston ne ke gaba.

Hujjar kare iri ce ban yarda da ita ba. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kuma waɗanda ake haifa a zoo ba daji ake shirya su su koma ba. Har a 2016 ma daga dajin ake ɗebowa: giwa 17 aka kwaso daga Swaziland (Eswatini a yau) zuwa gidajen zoo na Amurka a Dallas da Wichita da Omaha, kafin taron 2019 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ya tsaurara fitar da giwayen Afirka zuwa gidajen zoo. Abin da ke ƙarar da giwa farautar haure ne da cinye mata daji, kuma haihuwa a Dallas ba ta maganin ko ɗaya.

Wasu gidajen zoo da kansu suka ajiye kayan. Landan ta mayar da nata giwayen gidan zoo na Whipsnade da ke wajen birni a 2001, Detroit ta aika biyu mafakar PAWS da ke California a 2005, Toronto ta bi da uku a 2013. A Pakistan sai da kotu ta sa baki aka ɗauke wani toron giwa mai suna Kaavan daga gidan zoo na Islamabad zuwa wata mafaka a Kambodiya a 2020, bayan ya yi shekara takwas shi kaɗai yana ta kaɗa kai.

Don haka in tsohuwa ce ko mai zaman kaɗaici, mafaka ta fi mata nesa ba kusa ba. In kuwa garke ne na uwa da 'ya'ya a kan yashi mai faɗi, ban ga dalilin tarwatsa shi ba. Ka dai yi hattara da suna, don a Tailan akwai wuraren da suka rubuta mafaka a ƙofa amma 'yan yawon buɗe ido na hawan giwayen. Duk inda ka je, dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ƙirga su nawa ne, sannan ka tsaya minti goma ka ga ko tana tsaye wuri ɗaya tana lilo da kai hagu da dama, don wannan alamar ƙunci ce.