Huipil ko Mola: Saƙar Maya da Ɗinkin Kuna

Duka biyun rigunan mata ne, amma hanyar yinsu ta sha bamban.

Huipil na matan Maya ne a Guwatamala da kudancin Meziko, daga zare ake fara shi. Masaƙiya takan ɗaure gefen saƙar a jikin bishiya ko ginshiƙi, ɗaya gefen a ƙugunta, da jikinta take daidaita tsaurin zaren. Yawancin adon a cikin saƙar ake shigar da shi, shi ya sa riga ɗaya kan ci watanni. Kusan kowane gari da zanensa: an san Santiago Atitlán da tsuntsaye, matan San Antonio Aguas Calientes kuwa sukan saƙa adon da ke fita daidai ciki da bai. Wanda ya saba, da ganin riga ya san garin mai ita.

Mola ta matan Kuna a Panama ba ruwanta da masaƙa. Yadin kanti suke jerawa hawa biyu zuwa bakwai, su yanke na sama, launin ƙasa ya bayyana, su kalmashe bakin da ɗinkin da ido ba ya kamawa. Hana su irin wannan sutura na cikin abin da ya jawo boren da mutanen Kuna suka yi wa gwamnatin Panama a 1925.

Mai neman abin ratayawa a bango ya ɗauki mola, ga sauƙin kuɗi. Ni dai huipil zan zaɓa, matuƙar daga hannun masaƙiyar ne, don na inji sun cika kasuwa.