Rikoda ko tabilet: ga mai tafiya taron marubuta Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya me za ki saya da jaka 60 ɗinki, wato sefa 60,000, kafin ki tashi daga nan Kamaru zuwa taron marubuta a Kano: rikoda mai ɗaukar murya ko tabilet. Rikoda za ki saya. Tabilet ɗin nan na jaka 55 da kika ce kin gani a Marwa, ki bar wa mai shi kayansa, ki ƙulle jaka 60 ɗinki a bakin zane tukuna. Na fara da ƙarshen maganar ne don na san halin zauren nan, kafin in gama rubutu wani ya riga ya ce miki ki ci bashi ki sayi laftof.

Duka biyun da kuɗina na saye su, kuma kowanne ya taɓa raka ni Kano.

Rikodata Sony ce, ICD-PX470, ta hannu, jaka 30 na biya. Tsawonta bai kai na bik, wato biro, ba. Batir biyu take ci, ƙananan nan masu lamba AAA irin na rimot, waɗanda ko a teburin mai shayi za ki iya samu. Tana da gurbin 4GB a cikinta, in kin saita ta a matsakaicin inganci zai ɗauki magana ta sama da awa 50. Taron kwana uku, ko daga safe har isha ake yi, ba za ki cika ta ba. Bakin USB ɗinta a jikinta yake, ki turo shi waje ki soka a kwamfuta kamar kle, ɗan abin nan na adana fayil, ba neman waya, ba neman caja.

Abin da ya sa nake sonta ba wannan lissafin ba ne. A rana ta biyu ta taron da na je da ita, an tashi sallar azahar, na tarar da wani dattijo da ya yi jawabi da safe yana zaune a benci ƙarƙashin darbejiya, ya tuɓe takalmi ɗaya yana jiran a kawo masa ruwa. Gabana na faɗuwa na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Garwa nake, ga babin farko na littafina. Ya ce Garwar Kamaru? Na ce ita. Ya sa tabarau ya karanta shafi biyu, bakinsa na motsi. Da na ga zai fara magana sai na ce, Baba, ka yarda in ɗauka? Ya ce in ɗauka. Na ajiye ta a kan bencin tsakaninmu, shi ke nan ya manta da ita.

Minti 11 ya yi yana magana. A lokacin wallahi rabin abin da ya faɗa bai shige ni ba, hankalina na kan ko hijabina ya karkace, ko na gaishe shi daidai. Sai a mota, mun wuce Gombe mun nufi Numan, na sa abin ji a kunne na saurara a natse. Ashe cewa ya yi labarina bai fara ba sai a shafi na uku, in yanke na farko da na biyu in zubar. Ya kuma ce Hausarmu ta gabas, wadda wani lokaci muke ce wa mace "ya zo", kada in goge ta daga bakin mutanen cikin labarin, don ita ce ta sa ya ji ƙamshin wani gari daban. Wadda zan gyara ita ce tawa, ta mai ba da labari. Ana jin mai ruwa ya iso a cikin faifan, ana jin ya ce bismillah ya kurɓa, ana jin ladan daga nesa. Na saurari minti 11 ɗin nan ya fi sau ashirin, kuma a kansu na sake gina littafin gaba ɗaya. Da a kaye, wato littafin rubutu, na rubuta, abin da na ga dama kawai zan rubuta, wato yabon da ya yi min a farko.

Za ki ce ai waya ma tana ɗaukar murya. Tana ɗauka, har zuwa lokacin da kira zai shigo daga gida ana tambayar ina kika ajiye makullin sito, ko caji ya mutu ana tsakiyar muhawara. Ban da haka, wayarki tana da nata aikin a wurin: karɓar lambobi, ɗaukar hoton allo da bangon littattafai, neman mai adaidaita. Ba za ki ajiye ta gaban lasifika ki koma kujera ba. Mutane kuma suna ɗaurewa in an ɗaga musu waya a fuska, suna zaton bidiyo ne zai hau Facebook kafin magariba.

Tana da nata aibin. In kin zauna ƙarƙashin fanka, iskar fanka za ki kwaso ki kawo Kamaru. Ki nemi kujera kusa da lasifika, nesa da tagar da injin wuta yake. Kada ki bar ta cikin jaka ko ƙarƙashin mayafi tana goguwa, ƙarar yadi kawai za ki ji. Duk zaman da aka fara, ki faɗi rana da sunan mai jawabi a bakinta kafin ki ajiye, in ba haka ba ki dawo da fayil talatin masu suna iri ɗaya. Kuma ki nemi izini. A zauren taro ki tambayi masu shiryawa tun ranar rajista, a hira ta mutum biyu ki tambayi mutumin. Wanda ya ce a'a, ki kashe ta a gaban idonsa.

Tabilet kuwa, yana da kyau a ido, ana karanta PDF a kansa. Iyakar alherin da zan faɗa ke nan. Nawa jaka 48 na zuba, ya yi kwana uku a Kano yana neman soket kamar jariri mai neman nono, ni kuma ina gadinsa. Rubutu a gilashi bai taɓa cim ma bakin mai jawabi ba. Yau yana hannun yarana suna kallon zane, gefe ɗaya a fashe.

Ragowar kuɗin nan shi ne ya fi damuna, don a nan mutanenmu suke yin sakaci. Ki buga babin farko na littafinki da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, kwafi goma ko goma sha biyu, kowanne da sunanki da lambarki a sama, har da +237 a gaba. Kar ki ɗauki littafin duka, babu mai karanta shafi 200 a tsaye. Edita ko tsohon marubuci zai karɓi takarda ya naɗe ya sa a aljihu, ya karanta a masauki. Ba zai karɓi tabilet ɗinki ya tafi da shi ba, kuma "zan turo miki ta WhatsApp" a wurin taro daidai yake da sai wata rana.

Kafin ki buga, ki zauna da rubutun ki cire masa rigar Faransanci. Mu da muka yi lakwal, wato bokon Faransanci, a nan, hannunmu ya saba da "ou" a wurin u, "dj" a wurin j, "tch" a wurin c. Tsakaninmu ba komai, amma a Kano shafin da ya fara da "Hadjia ta tché" an gama yanke masa hukunci kafin a kai layi na biyu. Sai haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da kuma 'y. Ki sauke madannin Hausa na Gboard a wayarki, duk suna ciki. Ki kula da raba kalma da haɗe ta: "yana" a haɗe, "ya kan" kuma "yakan" ne, "a kan tebur" daban da "akan yi". In kin gama ki mayar da shi PDF kafin ki kai wurin masu bugawa. Kwamfutocinsu na nan madannin Faransanci gare su, kuma in rubutun ya faɗa kan salon harafin da bai san ƙ ba, sai ya fito da ɗan akwati a wurinta. Ni kwafi goma sha biyar na taɓa bugawa, sai a masauki na ga duk "ƙauna" ta koma akwati da "auna". Da bik na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗaya na dare. Ki sa a buga shafi ɗaya ki duba kafin a saki sauran.

Ki roƙi masu shirya taron su turo miki jadawali tun yanzu. In zama biyu sun haɗu a lokaci ɗaya, ga wani amfanin rikoda: ki ba wata da kika yarda da ita ta shiga ɗaya da ita, ke ki shiga ɗayan da kaye. Ki ja layi ƙarƙashin sunaye uku, uku kawai, na waɗanda kike son ganawa da su, ki nemi wani abu da suka rubuta ki karanta kafin ki tashi. Ki tanadar wa kowanne tambaya ɗaya takamaimai. "Malam, wace shawara za ka ba mu mu masu tasowa" ba tambaya ba ce, amsarta kullum "a yi ta karatu". Lokacin cin abinci da bayan sallah kuma kar ki maƙale da 'yan Kamaru 'yan'uwanki kuna Fulatanci a kusurwa. Mun isa da juna a gida.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: ki yi hattara da masu sayarwa, na nan da na can duk kanwar ja ce. Rikodar da aka rubuta mata sunan babban kamfani amma mara nauyi kamar fankon ashana, marfin batir na rawa, ki ajiye. Ki je da batirinki, ki ɗauki muryarki a shagon daga nisan taku biyar, ki saurara, sannan ki cire batir ki mayar ki ga ko faifan yana nan. Mai shagon da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ki yi masa sallama. Akwai kuma ƙanana masu siffar kle ko alƙalami da ake sayarwa da araha, batirinsu a ciki yake ba ya fita, ranar da ya mutu abin ya mutu.

Memori ya fi komai ha'inci. Ana rubuta masa 64GB, waya ma ta nuna 64GB, alhali cikinsa ɗan kaɗan ne. In ya cika ba ya faɗa, sai ya riƙa taka na farko da na baya, ki dawo gida ki buɗe ki tarar da suna babu murya. Haka wani ya yi min da hotunan bikin ƙanwar maigidana, kuma da na koma ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ba a wurinsa na saya ba. Tunda 4GB na cikin rikodar ya ishe ki, kar ma ki sayi memori. Fawabank in za ki saya wa wayarki, ki sani na gaskiya mai 20,000mAh yana da nauyi a hannu, ya doshi rabin kilo, kuma cajin da zai ba ki kamar kashi biyu cikin uku ne na abin da aka rubuta. Nauyin ma ba shaida ba ne shi kaɗai, don akwai waɗanda ake cusa wa yashi. Wanda aka rubuta wa 50,000 kuma ya shige aljihun riga, ƙarya ce tsagwaronta. Batir ɗin rikodar ki sayi alkalin guda huɗu, ba masu arahar nan da suke zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki ba, kuma in kin dawo ki cire su kafin ki adana ta.

Tunda kin ce ta Garwa za ki biyo ki shiga Yola, ki haɗa katin shaidarki da katin rigakafin shawara a leda ɗaya inda hannu zai kai da sauri, ana tambayarsu a iyaka. Ki canza sefa kaɗan a bakin iyaka, abin mota da abinci, sauran ki bari sai Wapa a Kano, ki tafi da ɗan gari, ki ƙirga a gaban mai canjin. Layin waya na Najeriya an ɗaure rajistarsa da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta can, don haka kar ki sa rai za ki sauka tasha ki saya nan take. Ki tambayi kamfanin layinki yadda zai yi aiki a can kafin ki tashi, ki kuma rubuta lambobin masu masaukinki a kaye. Duk wanda ya miƙo miki layi a tasha ya ce an riga an yi masa rajista, da sunan wani aka yi, ba ki san me aka aikata da shi ba.

Abu na ƙarshe shi ne soket. Namu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, nasu mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila. Cajarki ba za ta shiga ba sai da adafta, kuma kar ki biye wa masu tura tsinken ashana a ramin sama. Adaftar kar ki saya, ina da biyu. In kin sauka Garwa ki biyo ta gida ki karɓi ɗaya, ki zo da babin naki mu duba ƙugiyoyin tare kafin ki buga. Amma ki dawo min da ita, wadda na ba da aro bara har yau tana Gidar.